KARE A BAKIN GADON MAJINYACI: A BAR SHI KO A KORE SHI?

Maganar da muka ɗauko a wannan mako za ta ba wasu dariya, wasu kuwa za ta sa su yamutsa fuska, amma muna roƙo a yi haƙuri a bi mu har ƙarshe.

A asibitoci da dama na ƙasashen Amurka da Kanada da Ingila, akwai ranakun da akan ga mutum ya shigo ɗakin majinyata riƙe da igiyar kare, ma'aikatan jinya kuwa maimakon su kore shi, sai su nuna masa gadon da zai fara zuwa. Karen yakan tsaya a bakin gado, majinyaci ya shafa kansa, ya yi masa magana, bayan 'yan mintoci a wuce gado na gaba. Waɗannan karnuka dabam suke da waɗanda ke yi wa makafi jagora, domin karen jagora mutum ɗaya yake yi wa aiki. Su kuwa aikinsu shi ne su ziyarci baƙin da ba su sani ba, su ɗebe musu kewa. Saboda haka a nan za mu kira su karnukan ɗebe kewa.

Ko a can ƙasashen, ba kowa ya yarda da wannan abu ba. Akwai likitocin da ke ganin alheri ne, akwai kuma masu cewa ɗakin marasa lafiya ba wurin dabba ba ne. Mu ma maganar ta shafe mu, domin 'ya'yanmu da ke aikin likita da na jinya a ƙasashen waje suna ganin abin da idonsu, ikkilisiyoyinmu kuma suna da asibitoci na kansu, wata rana tambayar za ta iso gaban kwamitocinsu. Gara mu yi tunani a kai tun da wuri.

ASALIN AL'AMARIN

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, akwai hannun masu bi a tushen wannan al'ada. A shekarar 1796 wani Kirista mai suna William Tuke, ɗan ɗariƙar Quaker, ya buɗe gidan jinyar masu taɓin hankali a birnin York na Ingila. A zamanin nan ɗauri da mari da duka su ne rabon irin waɗannan bayin Allah. Shi kuwa sai aka sa zomaye da kaji a farfajiyar gidan, majinyata suna ba su abinci suna kula da su, aka kuma lura hankalinsu yana kwanciya. A 1867 Kiristocin Jamus suka kafa gidan Betel a Bielefeld domin masu farfaɗiya, inda noma da kiwon dabbobi suka shiga cikin tsarin zaman majinyata. Florence Nightingale ma, wadda ake ɗauka uwar aikin jinya na zamani, ta rubuta a littafinta na wajen 1860 cewa ƙaramar dabba takan zama abokiyar zama mai kyau ga wanda ciwo ya daɗe da kwantar da shi.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, cikin 1944, sojojin Amurka suka tsinci wata 'yar mitsitsiyar karya a tsibirin New Guinea, wadda nauyinta bai kai kilo 2 ba, suka sa mata suna Smoky. Da mai ita ya kwanta asibiti aka kawo masa ita, sai ma'aikatan jinya suka riƙa zagayawa da ita wurin sojojin da suka ji rauni. Daga baya wani masanin halayyar yara a New York, Boris Levinson, ya lura cewa wani yaro da ya ƙi buɗe baki ya yi magana da kowa ya soma magana da karensa mai suna Jingles. Da ya gabatar da wannan a taron masana a 1961, wasu abokan aikinsa dariya suka yi masa.

Tsarin da ake bi a yau ya kafu ne a 1976. Wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Elaine Smith, ta yi aiki a Ingila, inda ta ga yadda fuskokin majinyata ke sakewa duk lokacin da limamin asibitin ya zo ziyara tare da karensa. Da ta koma gida sai ta kafa ƙungiyar Therapy Dogs International domin gwada karnuka da yi musu rajista. A Ingila aka kafa Pets As Therapy a 1983. Wata ƙungiyar agaji ta 'yan Lutheran a jihar Illinois kuma ta soma irin wannan hidima a 2008, har ta kai karnukanta garin Newtown a watan Disamba na 2012, bayan wani ɗan bindiga ya kashe yara 20 da manya 6 a wata makarantar firamare.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Masu goyon bayan abin sukan fara da wani bincike na 1980, wanda Erika Friedmann da abokan aikinta suka yi a Amurka. Sun bi sawun mutum 92 da aka sallama daga sashen masu ciwon zuciya. Bayan shekara guda, cikin mutum 53 da ke da dabba a gida 3 ne suka rasu, alhali kuwa cikin 39 da ba su da ita 11 suka rasu. Sai dai a lura, wannan magana ce ta dabbar da mutum yake zaune da ita kullum, kuma mai yiwuwa ne wanda ya fi ƙarfin jiki shi ne tun asali ya iya kiwon dabba.

Wanda ya fi kusa da tambayarmu shi ne wanda aka buga a 2022 daga birnin Saskatoon na Kanada. An ɗauki majinyata kimanin 200 a sashen taimakon gaggawa, aka kai wa wajen rabinsu kare na minti 10, sauran kuwa ba a kai musu ba. Waɗanda kare ya ziyarta sun ce zafin ciwo da fargabar da suke ji sun ragu. Raguwar ba mai yawa ba ce, amma duk wanda ya taɓa zaman jiran likita da ciwo a jikinsa ya san darajar ɗan sauƙi komai ƙanƙantarsa.

Dalilin ba wani sihiri ba ne. Idan mutum ya natsu yana shafa dabbar da yake so, bugun zuciyarsa yakan lafa, hankalinsa ya tashi daga kan ciwon ya koma wani wuri. Mai hikima ya riga ya faɗa a Karin Magana 17:22 cewa farin cikin zuciya yana aiki kamar magani, baƙin ciki kuwa yana ƙarar da ƙarfin mutum. Duk da haka babu wani bincike da ya nuna kare yana warkar da sankara ko tarin fuka. Sauƙin zuciya yake kawowa, magani kuwa yana hannun likita, warkarwa tana hannun Allah.

HAƊARIN DA KE CIKI

Masu adawa ma suna da hujja mai ƙarfi. Asibiti matattara ce ta ƙwayoyin cuta, wasunsu sun riga sun gagari magunguna da yawa, kamar wadda likitoci ke kira MRSA. Wani bincike na 2009 a Kanada ya nuna karnukan da ke ziyarar asibiti sun fi sauran karnukan ɗebe kewa ɗaukar wannan ƙwaya fiye da sau 4, musamman waɗanda ake bari su lashi majinyata ko su karɓi abinci daga hannunsu.

A 2018 masu bincike na asibitin Johns Hopkins a Amurka suka duba yara 45 masu ciwon sankara da karnuka 4 da ke ziyartarsu. Suka tarar yaran da suka fi rungumar karnukan sun fi sauran ɗaukar ƙwayar da kimanin sau 6. Gashin kare ya zama kamar tawul ɗaya da kowa ke goge hannu da shi, yana kwasa daga wannan yaro ya kai wa wancan. Amma da aka soma yi wa karnukan wanka da sabulu mai kashe ƙwayoyin cuta kafin ziyara, ana kuma goge jikinsu a kai a kai lokacin ziyarar, sai haɗarin ya ragu da kimanin kashi 90 cikin 100.

Ban da wannan, akwai cizo da yaƙushi, akwai masu asma da waɗanda gashin dabba ke tayar musu da atishawa da ƙaiƙayi, akwai kuma wanda kare ya taɓa cizo yana yaro, har ya tsufa ganinsa kaɗai yana sa gabansa ya faɗi.

Saboda haka ne ƙungiyar likitocin da ke yaƙi da yaɗuwar cuta a asibitocin Amurka ta fitar da ƙa'idoji a 2015. Ta ce karnuka kaɗai za a bari, ban da kyanwa. Dole kare ya cika shekara 1, a gwada halinsa, likitan dabbobi ya duba shi, ya kasance yana da allurar haukan kare, kada kuma a riƙa ba shi ɗanyen nama. Mai riƙe da shi ma sai ya sami horo. Ziyara kada ta wuce awa 1, kowa ya wanke hannu kafin ya taɓa shi da bayan ya taɓa, in zai hau gado a shimfiɗa wani zane tukuna. Ba a kai shi ɗakin jarirai, ko wurin waɗanda aka keɓe saboda cuta mai yaɗuwa, ko inda ake shirya abinci da magani. Kuma sai an tambayi majinyaci ya yarda.

ME LITTAFI MAI TSARKI YA CE?

Wani zai ce, ai kare ba shi da suna mai kyau a cikin Littafi. Gaskiya ne. Karnuka ne suka lashi jinin sarki Ahab, su ne kuma suka cinye gawar Yezebel. Karin Magana 26:11 ta kwatanta wawa da karen da ke komawa ga amansa. Manzo Bulus ya kira masu koyarwar ƙarya da wannan suna a Filibiyawa 3:2, haka ma Wahayin Yahaya 22:15. To, amma karnukan da marubutan nan suka sani galibi na kan titi ne, marasa iyayengiji, masu cin mushe a kan juji. A wurare da yawa kuma ana amfani da sunan ne a matsayin misali ga mugayen mutane. Ayuba ya ambaci karnukan da ke tsaron garkensa a sura 30, matar nan Bakan'aniya kuma a Matiyu 15 ta yi maganar karnukan gida da ke cin abin da ya faɗo daga teburin mai gida, Ubangiji kuwa ya yaba bangaskiyarta. Babu ayar da ta hana Kirista taɓa kare ko kiwonsa, Karin Magana 12:10 ma ta sa kula da ran dabba cikin halayen adali.

Akwai wuri guda da kare da majinyaci suka haɗu, wato labarin Li'azaru a Luka 16. Yana kwance a ƙofar mai arziki, jikinsa duk gyambo, karnuka suna zuwa suna lasar gyambunansa. Wasu masu fassara sun ce wannan ƙarin wulakanci ne a kansa, wasu kuma sun ce karnukan ne kaɗai suka kula da shi. Ko wanne muka ɗauka, hukuncin yana kan mutumin da ke wucewa ta ƙofar nan safe da yamma bai taɓa tsayawa ba. A nan ya kamata mu yi gargaɗi, kada wani ya ɗauki ayar nan hujjar cewa miyan kare yana warkar da miki, kamar yadda ake faɗa a wasu ƙauyuka. Bakin kare cike yake da ƙwayoyin cuta, lasarsa a kan buɗaɗɗen rauni tana iya jawo mutuwa.

Littafin Farawa sura 2 shi ne ya sa iyaka. Da Allah ya ga zaman kaɗaici bai dace da mutum ba, ya kawo wa Adamu dabbobi duka ya raɗa musu suna, amma ba a sami mataimakin da ya dace da shi a cikinsu ba. Dabba kyauta ce daga Allah, tana iya faranta zuciya, sai dai ba ta cike gurbin ɗan Adam.

TO, MU FA A NAN?

A ganinmu, inda ake kiyaye ƙa'idojin nan da muka lissafa, babu laifi a bar karnukan ɗebe kewa su ziyarci wanda yake so. Ɗan'uwanmu da ke aiki a irin wannan asibiti a ƙasar waje ya yi aikinsa da lamiri mai tsabta. Amma kawo abin cikin ɗakunan asibitocinmu a yau wata magana ce dabam, saboda dalilai guda uku.

Na farko, ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan dukansu daga kare suke samunsa, kimanin 4 cikin kowane 10 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, da ƙyar ake samun mai tsira. Amurka ta ba da sanarwar rabuwa da nau'in da ke yawo tsakanin karnuka a 2007, Ingila kuwa ta rabu da shi tun da daɗewa. Mu har yanzu yana tare da mu. Karen da ke kwana a waje yana cuɗanya da na unguwa, jikinsa da kaska da ƙuma, ba shi da takardar allura, ba shi da abin yi kusa da mai rauni.

Na biyu, tsarin ɗakunanmu. A can majinyata da yawa suna ɗaki na mutum ɗaya ko biyu, wanda ba ya so sai a wuce ƙofarsa. Mu kuwa babban zaure ne, gadaje a jere, mai ƙuna kusa da mai karaya, masu jinya kuma a kan tabarma da kwanukan abincinsu a ƙasa. Idan mutum ɗaya ya yarda, sauran fa?

Na uku, maƙwabtanmu. Asibitocin mishan irin na Vom da Wusasa da Galmi a Jamhuriyar Nijar sun sami amincewar jama'a ne domin kowa yana shiga ya kwanta da kwanciyar rai, Kirista da Musulmi da mai bin gargajiya. Ko da yake malaman mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin ƙasashenmu ke bi, ba su ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, Musulmi da yawa ba sa son ya shiga inda suke kwana suke salla. Cikin Kirista ma akwai masu ƙyamarsa. Bulus ya koya mana a Romawa 14 da 1 Korantiyawa 8 kada 'yancinmu ya zama abin tuntuɓe ga wani. Idan mace ta ƙi kawo ɗanta asibiti domin ta ji ana shigo da kare, to, garin neman gira mun rasa ido.

Idan wata rana wani asibiti ya ga yana da hali, sai ya fara a waje, a gindin bishiya cikin harabar asibiti, da kare guda wanda likitan dabbobi ya tabbatar da lafiyarsa, mai so ya fito, wanda ba ya so ya yi zamansa. Masu doguwar jinya da yara marayu su ne za su fi cin moriyar wannan.

AIKIN DA KE KANMU

Kafin ranar ta zo, akwai abu biyu da ba sa jiran kwamiti. Ɗaya shi ne mu yi wa karnukan gidajenmu allura kowace shekara. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar takan daina yaɗuwa, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom kuma, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana yin wannan allura. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya. Me zai hana dattawan ikkilisiya su gayyato ma'aikatan dabbobi a makon, a yi sanarwa a majami'a, a kuma gaya wa maƙwabta su kawo nasu? Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru.

Na biyun ya fi nauyi. Mu tambayi kanmu, me majinyacin nan yake samu a wurin kare? Kare ba ya tambayarsa wane zunubi ya yi da ciwo ya same shi. Ba ya toshe hanci, ba ya duban agogo, ba ya ba shi labarin wane da irin wannan ciwo ya kashe. Yakan zo ya zauna kawai. Abokan Ayuba uku sun yi haka kwana bakwai, suna zaune a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan, kuma sai da suka buɗe baki ne suka ƙara masa ciwo.

A asibitocinmu akwai gadajen da lokacin ziyara ke zuwa ya wuce babu wanda ya tsaya a kansu. Akwai tsohuwar da 'ya'yanta ke birni, da baƙon da haɗarin mota ya yar a garin da bai san kowa ba, da matar da yoyon fitsari ya raba da mijinta, da mai ciwon da dangi ke jin kunyar faɗar sunansa. A makon farko akan cika ɗaki da gaisuwa, a wata na uku kuwa sai ƙafa ta ɗauke. A lokacin annobar korona cikin 2020, da asibitocin duniya suka rufe ƙofa ga masu ziyara, mutane da karnuka duka, kowa ya ga yadda kaɗaici ke karya majinyaci. Yau ƙofofin a buɗe suke.

Ubangiji ya faɗa a Matiyu 25 cewa wanda ya ziyarci mara lafiya shi ya ziyarta, wanda kuma ya ƙi, shi ya ƙi. Yakubu 5:14 ta ɗora wa dattawan ikkilisiya addu'a a kan mara lafiya. Saboda haka muna kira ga zumuntar mata, da ƙungiyar matasa, da 'yan Sabon Rai, kowace ƙungiya ta ɗauki rana guda a mako. A je mutum biyu ko uku, a nemi izinin ma'aikatan jinya, a tambaye su wane ne ba shi da mai zuwa. A wanke hannu, a gajarta zama, a saurara fiye da yadda ake magana. A tambayi mutum kafin a yi masa addu'a, a kuma yi ta a hankali domin na kusa yana barci. A gai da na gadon da ke gefe ko wane addini yake bi. Mai mura ko tari ya zauna a gida sai ya warke.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Mutanen wata ƙasa sun horar da masu ƙafa huɗu su yi wannan tafiya, mun kuma ga amfaninta da haɗarinta. Mu da aka ba umarnin tun shekaru dubu biyu, Allah ya ba mu ƙafar zuwa. Ya kuma ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa likitoci da masu jinya, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.